Yadda Ake Binciken Tsohon Taragon Kaya a Ƙera Ƙaraminsa da Hannu

Tun da aka ga ɗan taragon gyaɗar nan da na haɗa da kwali, tambayoyin ba su yanke ba: a ina ka samo awon, da me ka yi ƙafafun, nawa ka kashe, kwana nawa ya ci maka. Na gaji da amsawa ɗai-ɗai, shi ya sa na zauna na jera aikin daga tushe yadda nake yinsa a nan Zariya. Mai gaggawa ya sani tun yanzu, rabin aikin ba a kan tebur ake yinsa ba. Yankan kwali da shafa fenti kowa zai iya koya cikin wata guda. Abin da ke bambanta taragon tarihi da motar wasan yara shi ne duk layin da ka ja kana da hujjarsa.

1. Zaɓi tarago ɗaya da zamani ɗaya

Kada ka tashi da niyyar yin "tsohon taragon reluwe" kawai. Wane? Akwai rufaffe mai ƙofa a gefe, wanda ya yi jigilar gyaɗa, auduga, fatu, goro da gishiri. Akwai buɗaɗɗe mai bango ba rufi, na kwal ɗin Inugu da duwatsu. Akwai shimfiɗaɗɗe na katako da ƙarafa, akwai na shanu, akwai tankin mai. Ɗan koyo ya fara da buɗaɗɗe ko rufaffe, domin duka biyun akwati ne a kan ƙafa. Na shanu yana da tsaga-tsaga da yawa da za su karya maka gwiwa, tanki kuwa zagayensa ba ya yafe kuskure.

Daga nan ka tsayar da zamani, ka rubuta waɗannan shekarun a bangon littafinka. Dogon da aka taso da shi daga Baro ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911. A 1912 aka haɗe shi da na Legas suka zama reluwe guda. Ƙaramin layin kuza da ya tashi daga Zariya ya kai Bukuru a 1914, aka rufe shi a 1957. Layin Funtuwa da Gusau ya isa Ƙaura Namoda a 1929. Hukumar jiragen ƙasa ta Nijeriya, wato NRC, kuwa sai a 1955 aka kafa ta.

Gargaɗi: kada ka rubuta NRC a jikin taragon da kake cewa na 1940 ne. Wanda ya sani zai gani tun daga bakin ƙofa.

2. Nemi hoto da takarda

Fara da abin da ke kusa. Ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Samaru yana da tsofaffin mujallu da kundayen bincike na ɗalibai a kan sufuri da cinikin gyaɗa da auduga. Cibiyar koyon fasahar sufuri ta NITT ma a nan Zariya take. In ka gama da gida sai ka shirya zuwa Kaduna, tafiyar kilomita kamar 80, inda akwai Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa. A ma'ajiyar, fayilolin lardin Zazzau suna ƙarƙashin alamar ZARPROF. Ka tafi da katin shaida, da takardar gabatarwa in kana da inda za ka samo ta, da fensir, don ba a son biro kusa da tsohuwar takarda. Ka nemi rahoton shekara-shekara na reluwe, a nan ake lissafa irin taragun da ke aiki da adadinsu. Akwai kuma tarihin reluwen Nijeriya mai juzu'i uku da Francis Jaekel ya rubuta, wanda aka buga a 1997. In ka yi dace da shi a wani ɗakin karatu, ka zauna da shi yini guda.

A intanet akwai tarko. In ka rubuta "freight car" taragun Amurka za su cika maka fuska, domin kalmarsu ce. Turawan da suka shimfiɗa mana dogo "wagon" suke cewa, wadda ta zama wagunu a bakin mutanenmu. Saboda haka ka haɗa ta da "Nigerian Railway", ka kuma gwada da "Crown Agents", ofishin Landan wanda a wancan zamani shi ke yi wa gwamnatocin mulkin mallaka odar irin wannan kaya. Hotunan dalar gyaɗa ta Kano ma ka duba su da kyau. Mai hoton dala ya nufa, amma sau da yawa tarago na tsaye a gefe ana loda masa buhuna.

Duk hoton da ka samu, rubuta inda ka samo shi da shekarar da aka ce an ɗauke shi. Bayan wata shida ba za ka tuna ba, na gwada.

Gargaɗi: hoto mai launi na 1930 abin tuhuma ne. Yanzu ana ɗaukar hoton baƙi da fari a sa kwamfuta ta shafa masa launin da ta ga dama. Siffa za ka iya ɗauka daga irinsa, launi a'a.

3. Je wurin waɗanda suka yi aikin

Wannan matakin shi mutane suka fi tsallakewa, shi ne kuma ya fi kowanne riba. Sabon Gari cike yake da tsofaffin ma'aikatan reluwe da 'ya'yansu, har da waɗanda suka yi dako a rumbun kaya. Kada ka je hannu rabbana, ka riƙe ɗan goro ko lemo. Kada kuma ka faɗa masa da tambaya kamar ɗan sanda. Ka gaisa, ka faɗi ko kai ɗan wane gida ne, ka bar hira ta kawo kanta.

Taragona na farko daga hoton wata mujallar Ingila na kwaikwaye shi, na yi sati uku a kansa, ina ji da shi ƙwarai. Na naɗe shi a tsumma na kai wa wani dattijo da ya yi shekaru yana haɗa taragu a tasha. Na same shi a kan tabarma a ƙofar gida bayan la'asar. Ya karɓa, ya juya shi, ya ɗaga shi saitin ido, ya daɗe bai ce komai ba. Can ya sa farcen babban yatsa ya taɓa faya-fayen nan biyu da na maƙala a goshin taragon.

"Yaro, wannan jirgin wace ƙasa ce?"

Na ce, "Namu ne, Baba."

Ya ce, "A'a. Namu ƙugiya ɗaya ce a tsakiya, ita ce mahaɗi, ita ce matokari. Da akwai waɗannan biyun a namu, ai da ban kai yau da haƙarƙarina ba."

Gaskiyarsa. Taragun Ingila ne ke da matokarai biyu a gefe da sarƙa a tsakani. Namu ƙugiyar tsakiya ce irin wadda ake kira ABC. Na dawo gida na sa reza na fille su.

Tambayi dattijo abin da hannunsa ya taɓa: ta wane gefe ake jan ƙofa, ina maƙullin birkin hannu yake, ina ake maƙala takardar kaya, yaya ake ɗaure tamfol. Irin wannan ba ya mantuwa. Shekara da launi su ne ke rikicewa a ƙwaƙwalwa, don haka a kansu ka tambayi mutum biyu ko uku, kowa daban, kada ɗaya ya ji amsar ɗaya.

4. Awo a jikin tarago na gaske

In akwai tsohon tarago irin wanda kake so yashe a wani gefen layi, ka huta da rabin wahala. Amma kafin ka fito da waya ko tef, ka shiga ofis ka nemi izinin shugaban tasha, ka bayyana abin da ya kawo ka, ka nuna littafinka da wani abin da ka taɓa ƙerawa. Harabar reluwe ba filin kowa ba ce, kuma a wannan zamani baƙon da aka gani yana auna ƙarfe yana ɗaukar hoto, ɓarawon dogo za a fara zato.

Ku tafi ku biyu, ɗaya na riƙe bakin tef. Kayan da ake buƙata: tef mai mita biyar ko fiye, alli, littafi mai bango mai tauri, da sanda miƙaƙƙiya mai tsawon mita ɗaya wadda ka yi wa zanen baƙi da fari duk santimita goma. Jingina sandar a jikin taragon a kowane hoto, ita ce za ta ba ka awon duk abin da ka manta ba ka auna ba.

Bi wannan jeri: tsawon jiki, faɗi, tsayin bango, tsayin daɓe daga saman dogo, faɗin ƙafa, tazarar aksul da aksul (sandar ƙarfen da ke haɗa ƙafa biyu), faɗi da tsayin ƙofa, sannan tsayin ƙugiya daga dogo. Ƙirga allunan katako in na katako ne, ƙirga ginshiƙan ƙarfe, auna tazararsu. Ɗauki hoton gefe daga nesa kana tsaye daidai tsakiya, hoton goshi, hoton kusurwa huɗu, sannan na kusa. Nemi ɗan farantin ƙarfen da maƙera ke bugawa a jikin firam, yana ɗauke da sunan kamfani da shekarar ƙira. Shafa masa alli a hankali, rubutun zai fito.

Gargaɗi: kada ka shiga ƙarƙashin tarago, kada ka tsaya tsakanin biyu, ko an rantse maka sun shekara ashirin ba su motsa ba. Miƙa hannu da waya ka ɗauki hoton ƙasan. Tarago yasasshe gidan maciji ne da zuma da rina, musamman bayan damina in ciyawa ta rufe shi, daɓensa kuma ruɓaɓɓe ne. Sa takalmi rufaffe. Kada ka cire ko noti ɗaya ka ce na tunawa ne.

Ka kuma lura, taragon da ya daɗe yana aiki an yi masa gyare-gyare. Ƙofar da kake gani yau mai yiwuwa ba ita ya zo da ita ba. Gwada shi da tsohon hoto.

5. In hoto kaɗai gare ka

Yawancin taragun da suka girmi 'yancin kai sun daɗe da zama tukwane da garemani, sai dai hoto. Dabarar ita ce ka nemi abu ɗaya a hoton wanda ka san girmansa. Mu kuwa muna da shi: tsakanin dogo da dogo a tsohon layinmu ƙafa uku ne da inci shida, wato milimita 1067, ana aunawa daga cikin wannan zuwa cikin wancan.

Buga hoton da ya nuna goshin taragon a takarda babba. A ce ka auna tsakanin dogayen a takardar, daidai ƙarƙashin goshin, ka sami milimita 32. Raba 1067 da 32, ka sami 33.3. Ke nan duk milimita ɗaya a takarda tana madadin 33.3 a fili. In faɗin jikin ya ba ka milimita 72, ninka shi da 33.3, ya zama kusan 2400, wato mita biyu da santimita arba'in. Daga wannan hoton ka fitar da tsayin ƙafa, sai ka ɗauke shi ka kai hoton gefe ya zama ma'auninka a can.

Gargaɗi biyu a nan. Na farko, hoton da aka ɗauka a karkace yana gajarta abin da ke nesa, kada ka auna tsawo da shi, ƙirge kawai za ka yi: alluna nawa, ginshiƙai nawa. Na biyu ya shafe mu mutanen Zariya musamman, domin layi iri biyu suka haɗu a tasharmu. Na Bukuru ƙafa biyu ne da inci shida, milimita 762. In ka ɗauki hotonsa ka yi lissafi da 1067, taragonka zai kumbura da kashi 40 cikin ɗari. Dubi tsayin mutanen da ke tsaye kusa, za ka gane wane layi ne. Sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kuma 1435 ne, bai shiga wannan lissafi ba sam.

Tunda maƙeran da ƙafa da inci suke aiki, in lissafinka ya ba ka 2430 ko 2445, ka san ƙafa takwas suka nufa, wato 2438.

6. Tsayar da sikeli

Tambayi kanka: na ajiya ne a kan kanta, ko so kake ya yi gudu a kan ɗan dogo?

In na ajiya ne, ɗauki ɗaya bisa hamsin. Mita ɗaya ta zama milimita 20, lissafin a ka ake yinsa, kuma rular nan mai fuska uku da ɗaliban zanen gine-gine ke saye a Samaru tana da shi a jikinta. Tsakanin dogo zai zama milimita 21.3. Tarago mai mita tara da santimita sittin zai zo milimita 192, kusan tsawon tafin hannu har da yatsu, amma ya isa a ga kan ƙusa.

In na gudu ne, ɗauki ɗaya bisa sittin da huɗu. Raba 1067 da 64, ka sami 16.7, ɗan dogon da aka fi sayarwa a duniya, na jiragen wasa masu awon da ake kira HO da OO, kuwa 16.5 ne. Ido ba ya ganin bambancin. Haka masu wannan sha'awa ke yi a Niyu Zilan da wasu sassan Ostireliya, inda faɗin dogonsu ɗaya da namu. Mai son layin Bukuru ya yi ɗaya bisa tamanin da bakwai a kan dogo mai milimita 9.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a sayo taragon HO na Amurka a sake masa fenti a rubuta Kano a jiki. Awonsa ba zai yi daidai da namu ba.

7. Zana kafin ka yanka

Zana gefe, goshi da ƙasa a takarda mai gida-gida, daidai girman da za ka ƙera. Abin da ka auna ko ka gani ƙarara ka ja shi da baƙi, abin da ka yi hasashe ka ja shi da ja. In ja ya fi baƙi yawa, ba ka gama bincike ba. Yi fotokwafi uku, ka ajiye na asali.

8. Kaya da abin da za su ci

Kwali mai tauri kauri biyu, na milimita ɗaya da na biyu, irin wanda masu ɗinkin littafi ke bango da shi. Kwalin magani ko na shayi don siraran sassa. Gwangwanin lemo, tsinken tsire, tsinken sakace, wayar jan ƙarfe daga tsohuwar wayar wuta, wosha da noti. Gam iri biyu: fari na kafintoci irin Top Bond, da mai kamawa nan take. Wuƙar yankan kwali da fakitin bakinta, rular ƙarfe, ƙaramar sukwaya, matsefata, filaya, sanfefa mai laushi, da gilashi ko tayil da za ka riƙa haɗawa a kai don shi ne ba ya lanƙwasa. Fenti mai narkewa da ruwa: fari, baƙi, ja, ruwan ɗorawa, da buroshi biyu.

Duk wannan in ka haɗa, tsakanin kasuwar Sabon Gari da shagunan Samaru, bai wuce kuɗin kaji biyu zuwa uku ba, kuma zai yi maka tarago huɗu ko biyar. Kuɗin ba a nan suke tafiya ba. Suna tafiya ne a motar Kaduna da kuɗin kwafin takardu, sai kuma ƙafafun ƙarfe in ka zaɓi na gudu, domin daga waje ake odarsu da dala, kuɗin aikowa kuma kan fi na kayan. Ku haɗu ku uku ku yi oda ɗaya.

Inda ba a rowa shi ne bakin wuƙa. Da ka ji tana ja maimakon yanka, karya bakin ka fito da sabo.

9. Firam da ƙafafu

Daga ƙasa ake farawa. Yanka daɓe falle uku na kwalin milimita ɗaya, na tsakiya ka juya shi ya gitta wa sauran, shafa farin gam siriri, danne da dutsen guga ko tarin littattafai a kan gilashi, ka bar shi ya kwana. Falle uku ba ya lanƙwasa kamar falle ɗaya mai kauri. Manna dogayen ƙarafan gefe biyu, sannan na goshi, sannan na tsakiya.

Ƙafar na ajiya wosha biyu ce a manne, ƙarama ita ce mai hawa dogo, babba ita ce leɓen da ke hana ta sauka. In ƙafar gaske ta ba ka milimita 800, nemi wosha mai 16 da wata mai 18. Tsinken tsire shi ne aksul. Na gudu kuwa raba faɗin ƙafar da 64 ka zaɓi mafi kusa, ana samun masu milimita 12 da 14. Tazarar bayan ƙafa da bayan ƙafa ta zama kusan milimita 14.5, in ta kauce taragon zai riƙa sauka a mararraba.

Gargaɗi: kafin gam ya bushe, aza shi a kan gilashi ka taɓa kowace kusurwa. In yana rawa kamar teburin mai shayi, gyara yanzu. Bayan an ɗora jiki babu gyara.

10. Jiki da rufi

Ja layukan alluna tun kwalin yana shimfiɗe, kafin ka yanke bangon. Da bayan wuƙa ake ja, a bi rula, sau ɗaya, ba tare da dannawa ba. Buɗaɗɗen tarago a ja masa ciki da waje. Yanka da ja uku ko huɗu marasa ƙarfi, ja ɗaya mai ƙarfi yana kauce wa layi ya kuma ci yatsa.

Manna goshi ɗaya da gefe ɗaya, sa sukwaya a kusurwar, jira, sannan sauran. Ka tuna rage kaurin bangon gefe biyu daga faɗin goshi, in ba haka ba jikin zai fi daɓen faɗi. Rufaffen tarago a sa masa bango biyu a ciki don kada gefen ya lotsa, a kuma manna noti biyu a daɓe saitin ƙafafu kafin a rufe, don ya yi nauyi.

Rufi mai lanƙwasa: kwali yana da gefen da yake yarda ya naɗu cikin sauƙi, gwada ka gani. Naɗa shi a jikin kwalba, ɗaure da ƙyauro ya kwana.

11. Ƙananan kaya

Nan ne ake zama. Ginshiƙai da ƙarafan kusurwa daga gwangwanin lemo ake yanka su, a goge fentinsa da sanfefa tukuna. Kan ƙusa kuwa, kifa ƙarfen a kan kwali, danna da allurar da ka dakusar da bakinta, zai ɓullo ta ɗaya fuskar. In hannunka bai saba ba, ɗiga farin gam da tsinken sakace. Ƙirga su daga hoto. Mutane na son cika tarago da ƙusoshi don ya yi kyau, ni a wurina gara babu da a sa inda ba su.

Ƙugiya ɗaya a tsakiyar kowane goshi, a tsayin da ka auna. Kusa da ita akwai mesar birki, domin tsofaffin jiragenmu birkin zuƙe iska suke amfani da shi, mesa ce mai kauri mai gaɓa-gaɓa kamar maƙogwaro. Ɗauki waya mai ɗan kauri, naɗe ta da siririn zaren jan ƙarfe, lanƙwasa, ta fito. Maƙullin birkin hannu, matakala, mariƙin ƙofa da ƙugiyoyin igiyar tamfol duk waya ce. Huda rami da allura ka cusa bakin wayar, kada ka manna ta a fuska kawai, za ta faɗi ranar da baƙo na farko ya taɓa.

Gargaɗi: gam mai kamawa nan take yana barin farin hazo a kewaye in ya yi yawa. Ɗiga shi a murfin kwalba ka riƙa ɗiba da bakin allura. Kada ka goge shi da auduga, zafi yake yi.

12. Fenti da rubutu

Shafa baniƙi, wato man da kafintoci ke shafa wa katako ya yi sheƙi, wanda aka tsinka, ciki da waje, ya bushe, sannan fenti. Fuska ɗaya kaɗai in ka shafa, kwalin zai lanƙwashe. Fenti tsinkakke shafi uku ya fi mai kauri shafi ɗaya, wanda zai cike layukan da ka sha wahalar ja.

Launi ka ɗauka daga bakin dattawan nan, ko daga wani lungu na tsohon tarago da rana ba ta dukansa. A hoton baƙi da fari, jan ƙasa da toka mai duhu kamanninsu ɗaya.

Rubutu shi ne lambar tarago, nauyinsa ba kaya, da iyakar lodinsa. Kwaikwayi abin da ke hoton harafi da harafi. Firinta ba ta buga fari, don haka ko dai ka rubuta da farin biro mai ruwa, ko ka buga facin takarda mai launin taragon da haruffan a buɗe, ka manna, ka bi gefensa da fenti. Lambar da ba ka iya karantawa ba, ka bar ta dishi-dishi kamar yadda take, kada ka ƙago.

Da hunturu, kifa roba a kan aikin da zarar ka ajiye buroshi, ƙurar Zariya ba ta jiran izini. Da damina kuma ninka lokacin bushewa.

13. Tsufa da lodi

Taragon da ya yi zirga-zirga tsakanin Ƙaura Namoda da Apapa ba ya sheƙi. Daka jar ƙasa ta yi laushi, tankaɗe, shafa da busasshen buroshi daga ƙasa zuwa sama, ta fi yawa a ƙafafu da firam. Garin gawayi a rufi, don hayaƙin kwal daga sama yake sauka. Tsatsa daga kan ƙusa take gangarowa, ja ta ƙasa da buroshi mai ɗan danshi. Baƙin maiƙo a akwatin aksul kaɗai. Yi kaɗan, ja da baya ka duba, ƙari ya fi ragi sauƙi.

Buhun gyaɗa na algarara ne. Auna na gaske cike a kasuwa, raba da sikelinka, mulmula yumɓu, danna masa tsohuwar singileti don saƙar ta fito, rina shi da ruwan shayi mai kauri. Ka jera su a gicciye yadda 'yan dako ke yi. Tamfol kuwa takardar goge hannu ce da aka jiƙa da farin gam tsinkakke, a ɗora, a bar ta ta kwanta da kanta.

14. Ajiya

Kyankyaso da ɓera na son farin gam, gara na son kwali. Nawa na biyu a kan taga na bar shi na yi tafiyar sati biyu, na dawo na tarar an cinye rufin, saura ƙafafu da waya. Mai yankan gilashi zai haɗa maka ɗan akwati da araha, ko ka sa shi a roba mai murfi da ƙwayar kafur ɗaya a kusurwa, nesa da rana. A ƙasan katakon da ya zauna a kai, manna takarda mai ɗauke da irin taragon, zamaninsa, sikeli, hotunan da ka dogara da su, da sassan da ka ja da jan biro. Ranar da wani hoto ya ɓullo ya nuna ƙofar ba haka take ba, ka san wurin da za ka sa reza.